Shin in bar List a cikin struct ɗin rasit?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum. Ina rubuta wa wani mai shagon atamfa a Kantin Kwari manhaja da yaren kwamfuta na C#. Na yi rasit a matsayin struct, wato ƙunshin bayanai, a cikinsa akwai sunan mai saye da kuma List, wato jerin kayan da ya ɗauka. Ranar Asabar zan miƙa aikin, kuma ba na son taɓa sauran sassan. Shin in bar shi haka?

Malam na Gwale: Wa alaikumus salam. Da yaren Go ka fara da ka huta.

Hajiya ta Zoo Road: Malam, a Go ma ba za a huta ba, domin slice da map, ma'ajin bayanansa, halinsu ɗaya da List. Ɗana, idan ka kwafi struct, adireshin List ɗin kawai ake kwafa, wato maƙullai biyu ne na ɗaki ɗaya. Sunan ba shi da matsala, domin string, wato rubutu, ba ya sauyawa bayan an ƙirƙire shi.

Mai Gyara a Sabon Gari: Wannan abin ya raba ni da mutumin da na shekara uku ina yi wa aiki. Yaronsa ya buɗe kwafin rasit domin ya cire turmi biyu da aka dawo da su, ashe daga rasit na asali ma sun fita. Da dare Alhaji ya lissafa kuɗin akwati bai ga daidai ba, ya ɗora wa yaron sata a gaban mutane, yaron yana rantsuwa yana hawaye. Kwana huɗu na yi kafin na gano laifina ne, har na biya wani naira 60,000 ya taya ni dubawa. Na sa readonly, alamar hana sauyi, tun farko, ban san bai hana ƙari ko ragi a cikin List ba.

Ɗan Kurna: Naira 60,000? An cuce ka, yallaɓai. Ni 15,000 na karɓa a kan irinsa.

Malam na Gwale: Kishiyoyi biyu da tukunya ɗaya, dole a rasa wadda ta ƙara gishiri.

Hajiya ta Zoo Road: Shawarar Microsoft ita ce struct ya zama ƙarami, ƙasa da bayit 16 a ma'aunin girman bayanai, kuma marar sauyawa. Rasit bai cika wannan ba, ka mayar da shi class, ɗaya nau'in ƙunshin bayanan.

Ɗan Kurna: Hajiya, ke koyarwa kike yi, mu ne muke kasuwa. Class ma ai adireshi ake kwafa, sai dai Ɗan Fagge ya ƙirƙiri sabon List duk lokacin da zai yi kwafi.

Mai Gyara a Sabon Gari: Da masu shaguna suna biyan kuɗin kwanakin gwaji, da na kama kuskuren kafin miƙawa. Har yau Alhajin bai cika mini ragowar kuɗina ba.