Neman kalmar Hausa: me za mu kira littafin da mai shi ya ce a kwafa, a gyara, a raba?

1/ Salamu alaikum malamai da 'yan uwa masu fassara. Kwana uku ke nan wata kalma ta tsaya mini a maƙogwaro. Ina shirya wa ɗaliban kwaleji 'yar takarda kan hanyoyin rage kuɗin littattafai, sai na ci karo da abin da Turawa ke kira open textbook, da kuma OER, wato sunan da ya tattaro littafi da darasi da bidiyo da jarrabawar gwaji masu irin wannan hali. Na rubuta "littafin kyauta", na goge. Na rubuta "buɗaɗɗen littafi", na sake gogewa. Don Allah ku matso mu yanke shawara.

2/ Sai mun san abin kafin mu raɗa masa suna. Rigimar a Amurka ta fi zafi. Ofishin GAO, mai bin diddigi a madadin majalisar dokokinsu, ya ba da rahoto a 2013 cewa farashin sababbin littattafan kwaleji ya tashi da kashi 82 cikin ɗari tsakanin 2002 da 2012. Littafin kimiyya guda ɗaya yakan haura dala 200. Malami ne ke zaɓar littafi, ɗalibi ne ke biya, shi ya sa babu mai yin ciniki. Bayan 'yan shekaru kamfani ya fitar da sabon bugu, an sauya lambar shafi da tambayoyin ƙarshen babi, tsohon da za ka saya hannun na gaba da kai ya tashi daga aiki. Sai kuma lambar shiga ta intanet da ake haɗawa da littafin: da ita ake yin aikin gida, mutum ɗaya take yi wa aiki, zangon karatu na ƙarewa ta mutu. Ba aro, ba gado.

3/ Maganin da suka nemo shi ne wannan abu da muke neman sunansa. A 2001 jami'ar MIT ta sanar da cewa za ta zuba kayan darussanta a intanet. A 2002 aka raɗa sunan OER a wani taron UNESCO a Faris, kuma a ƙarshen shekarar lasisin Creative Commons ya fito, wato rubutaccen izinin da marubuci ke liƙa wa aikinsa don ya faɗi abin da ya yarda a yi da shi. A 2012 jami'ar Rice da ke Texas ta fara fitar da littattafan OpenStax na manyan darussan ajin farko, irin su lissafi da kimiyyar halittu da tattalin arziki, waɗanda masana suka rubuta wasu masanan suka duba. A 2021 jihar Kalifoniya ta ware dala miliyan 115 domin kwalejojinta su tsara kwasa-kwasan da ɗalibi zai gama ba tare da ya sayi littafi ba.

4/ Ga inda gizo ke saƙa. Abin da ya bambanta wannan littafi da saura ba farashi ba ne, izini ne. Wani malamin Amurka, David Wiley, ya ƙirga izinin guda biyar: ka riƙe kwafinka har abada, ka yi aiki da shi a aji ko a gida, ka gyara shi ko ka fassara, ka gauraya shi da wani, ka raba wa duk wanda ka so. Marubucin bai yar da haƙƙin mallakarsa ba. Yana nan da shi, sai dai ya ba da izinin tun kafin a tambaye shi. Duk kalmar da ba ta ɗauki wannan ma'ana ba, ba ta yi mana aiki ba.

5/ Shi ya sa na ajiye "kyauta". Littafin da wani ya ɗauki hotonsa shafi-shafi ya jefa a zauren WhatsApp na 'yan aji, shi ma ba ka biya ko sisi ba, amma mai shi bai yarda ba. Idan muka kira duka biyun "na kyauta", mun haɗa halal da abin da ba halal ba a kwano ɗaya. Sannan littattafan OpenStax da aka buga a takarda ana sayar da su, da sauƙi dai, amma da kuɗi. Ga kuma kunnen Bahaushe: in ya ji "na kyauta ne", sau da yawa yana zaton abin bai da inganci.

6/ "Buɗaɗɗe" kuwa fassarar baƙi da baƙi ce. Larabawa haka suka yi, suka ce maftuha. Amma ka ce wa ɗalibi a Zariya "ɗauko buɗaɗɗen littafin nan", zai miƙo maka wanda aka bari a buɗe a kan tebur. Mun taɓa gwada wannan kalma da jami'ar NOUN ta Najeriya. A rubuce ana cewa Buɗaɗɗiyar Jami'a, amma a baki da rediyo sai ka ji "jami'ar karatu daga gida". Mutane sun tsallake siffar, sun faɗi aikin da abin yake yi. Darasi ne gare mu.

7/ Wadda ta fi jan hankalina da farko ita ce "wakafi", kuma har yanzu ina jin daɗinta. Kowa ya san Alƙur'anin masallaci da aka rubuta wa "wakafi ne, ba na sayarwa ba". Kowa ya san rijiyar wakafi. Kalmar na ɗauke da niyyar alheri, da amfanin jama'a, da ɗorewa bayan mai yi ya tafi. In ka ce wa dattijo "littafin wakafi", ba sai ka yi dogon bayani ba. Na kwana ina juya ta. Abin da ya sa na sake ta abu uku ne. Wakafi ana tsare asalinsa ne kamar yadda aka bayar, ba a taɓa shi, alhali namu littafin an ce ka yanka, ka ƙara, ka sauya misalan dala zuwa naira. Wakafi ba a sayar da shi, alhali lasisin Creative Commons da ake kira CC BY ya yarda mai ɗab'i a Kano ya buga ya sayar, muddin ya ambaci marubucin. Na uku, kalma ce mai hukunce-hukunce a fiƙihu, kuma ba na so mu ja ta inda malamanmu za su ce mun ɓata mata ma'ana.

8/ 'Yan uwanmu na Nijar da ke karatu da Faransanci suna da abin faɗa a nan. Faransawa ba su ce buɗaɗɗe ba, sun zaɓi libre, mai 'yanci, har suka taƙaita sunan zuwa REL. Da wannan za a iya cewa "'yantaccen littafi". Ba laifi, ta fi buɗaɗɗe nesa ba kusa ba. Sai dai 'yantawa na nufin ubangida ya cire hannunsa gaba ɗaya, ga shi kuwa mai littafin yana nan da sharuɗɗansa. "Na gama-gari" ma ta zo mini, na wuce ta, don tana rage wa abu daraja.

9/ Shawarata ita ce mu ɗauko daga "sahale". Muna cewa uba ya sahale wa ɗansa tafiya, hukuma ta sahale a yi taro. Mai iko ne ke sahalewa, kuma ikonsa bai gushe ba don ya sahale. Daidai abin da marubucin nan ya yi ke nan. Sai mu ce sahalallen littafi, sahalalliyar takarda, sahalallun littattafai. OER kuma ya zama sahalallun kayan karatu.

10/ Kuma wannan ɗabi'a ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Kafin injin ɗab'i, almajiri kan kwafi littafin malaminsa da hannu, ya yi ta'aliƙi a gefen shafi, ya karɓi ijaza ya je ya karantar a wani gari. Malaman Sakkwato sun riƙa juya waƙoƙin wa'azi daga Fulatanci zuwa Hausa don su kai ga jama'a, Nana Asma'u na cikin waɗanda suka yi wannan aiki. Ga kuma tahamisi, inda mawaƙi ke ɗaukar baitin wani mai ɗango biyu ya ɗora masa uku a sama ya zama biyar, sunan mai asalin waƙar na nan ba a goge ba. Gyara da gaurayawa tare da ambaton mai abu, mun san su tun da daɗewa. Abin da lasisin zamani ya ƙara shi ne rubuta izinin a fili yadda kotu za ta gane.

11/ Na san inda za a soke ni. Wani zai ce "sahalallen littafi" na iya zama wanda ma'aikatar ilimi ta amince a karantar da shi. Gaskiya ne, akwai wannan haɗari. Amma wancan muna da kalmarsa, amintacce ko wanda aka amince da shi. Kuma karon farko da kalmar ta fito a rubutu sai a cika ta: littafin da marubucinsa ya sahale wa kowa.

12/ Na gwada ta a baki don in ji ko tana tafiya. "Malam, littafin kwas ɗin nan sahalalle ne ko sai mun saya?" "Sahalalle ne, ku sauke, wanda ya fi son takarda ya buga." "Mun samo sahalallen littafin lissafi na Siyavula daga Afirka ta Kudu, za mu mayar da babi uku Hausa." Ni dai harshena bai harɗe ba.

13/ Jimlar nan ta mayar da babi uku Hausa ita ce ta sa na damu da lamarin. Ɗalibin Amurka sauƙin kuɗi yake nema. Mu kuma, bayan kuɗi, izinin fassara ne babbar riba, domin littafin da aka hana taɓawa ba zai taɓa zama na Hausa ba sai an nemi kamfani an biya. Wikipedia ta Hausa da labaran yara na African Storybook da ke da Hausa duk a kan irin wannan lasisi suke tafiya, kuma har yau masu aikin ba su da suna ɗaya da suke kiran abin da shi.

14/ Saura fassara sharuɗɗa huɗu da marubuci kan zaɓa daga cikinsu a lasisin Creative Commons. Na rubuta "a ambaci mai shi", da "ban da kasuwanci", da "ban da sauyawa". Na huɗun ne ya gagare ni, wanda ke cewa in ka gyara ka fitar, dole naka ma ya fita da irin lasisin da ka samu. Na sa "yadda ka samu haka za ka bayar", amma ya yi tsawo a bangon littafi. Malamai, wa ke da gajeriya?