Masu jita na Legas, yaya kuka yi da ii-V-I?

Ɗan Idi-Araba:
Assalamu alaikum. Yayyena, shawara nake nema. Jaz nake koyo a jita. Na haddace sikel, wato jerin sautuka, yatsuna kuma suna gudu, amma da an kaɗa min kod (sautukan da ake kaɗawa tare) uku, Dm7, G7, Cmaj7, wato ii-V-I (kod ta biyu, ta biyar da ta ɗaya a sikel ɗin C), aka ce in zuba nawa, sai in yi ta hawa da sauka. Wanda ke saurare ba zai ma gane kod ta canza ba. Ku yaya kuka yi kuka wuce nan?

Baban Ummi, Agege:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ni wani dattijo Bayarabe mai kiɗan bes ne ya warware min, a ɗakin atisaye a Mushin. Ya hana ni sikel ɗungurungum, ya ce sauti biyu kawai zan taɓa a kowace kod, na uku da na bakwai in ka ƙirga daga tushenta. A Dm7 F da C ke nan, a G7 B da F, a Cmaj7 E da B.

Ɗauko jitarka ka gwada yanzu. Danne tsirkiya ta huɗu a firet (gaɓar wuyan jita) na 3, ta uku a na 5. Idan G7 ta shigo, yatsan da ke na 5 ya dawo na 4, ɗayan ya tsaya cak. Idan Cmaj7 ta zo, wanda ke na 3 ya dawo na 2. Shi ke nan. Firet ɗaya kake motsawa, amma ko babu mai raka ka za a ji kiɗan ya juya. Duk adon da za ka ƙara daga baya, kan waɗannan sautukan zai riƙa sauka.

Mai Molo, Obalende:
Yaya, maganarka dutse ce, sai dai ni da kiɗan bulus (blues) mai gaɓa 12 zan fara ɗora yaro. Mu da muka tashi da garaya da goge, kunnenmu ya riga ya saba da sikel mai sauti biyar, ba baƙonmu ba ne. A bulus na F na gane abin da kake faɗa: A ɗin da ke kan F7 sai ta sauko Ab idan Bb7 ta shigo. Kuma a bulus irin na jaz, a gaɓa ta 9 da ta 10 ga Gm7 da C7 nan, wato ii-V ɗin ta iso ka har gida.

Anti Zee, Surulere:
Duk ku biyun hannu kuke magana, ni kunne ne ya fisshe ni. Cunkoson titin Ikorodu da kowa ke kuka da shi, a nan nake karatuna. Ina cikin danfo, abin ji a kunne, in ɗauki jimla ɗaya ta Wes Montgomery, makaɗin jitar jaz ɗan Amurka, in yi ta maimaita ta da baki ƙasa-ƙasa har ta zauna. Sai na isa gida nake lalubo ta a jita. Mutumin nan da babban yatsa yake kaɗawa, ya rasu tun 1968, amma har yau in ka saurare shi za ka ji yana barin fili tsakanin jimla da jimla. Ƙanena, abin da bakinka bai iya rerawa ba, kar ka ba yatsa shi.

Ɗan Idi-Araba:
Anti, to idan ya yi min sauri fa?

Anti Zee, Surulere:
YouTube na rage gudu. Mayar da shi rabi.

Baban Ummi, Agege:
Ƙari ɗaya. Ni hailaif nake kaɗawa a wuraren biki, I-IV-V, hannuna ya saba da faɗawa kan bugu na ɗaya. Ka sa na'urar ƙirga bugu ta riƙa buga na 2 da na 4 kawai, a nan rangajin jaz yake. Idan ii-V-I ta C ta zauna, koma ta F, sannan Bb, sannan Eb, har ka zagaye duka 12. In kuma ka ji ana kiɗa a Freedom Park da ke titin Broad, je ka tsaya kusa da mai bes.