Zan kai Baba garin Ili: gwiwarsa za ta iya cocin da bakin kogi a yini ɗaya?

'Yar Kafinta ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin duk wanda ya san Ili, garin nan da ake rubuta sunansa Ely a tikitin jirgin ƙasa, gaba kaɗan da Kambirij.

Mahaifina ya zo wurina sati uku ke nan, saura kwana goma ya koma. Shekararsa 71. Kafinta ne tun yana saurayi, rufin ɗaki shi ne sana'arsa har ciwon gwiwa ya sauko da shi daga tsani. Na kai shi Landan sau ɗaya, ya dawo a gajiye, abin da ya ce kawai shi ne mutane sun yi yawa. Amma ranar Lahadi muna dawowa daga Pitaboro a jirgi, sai ya hango wani ƙaton gini tsaye a kan tudu, ƙasar da ke kewaye da shi a shimfiɗe kamar tabarma. Ya manna goshinsa a taga har ginin ya ɓace. Tun ranar, kullum sai ya tambaye ni wa ya yi rufin wannan hasumiyar ta tsakiya.

To ina so in kai shi. Damuwata gwiwar, domin na ga tudu ne. Sannan mu Musulmi ne, ban taɓa shiga coci ba, ban san ko za a takura masa da hularsa ba. An kuma ce min akwai bakin kogi mai daɗin zama. Yini ɗaya zai isa?

Tsohon Ɗalibi ya amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata. A gaishe min da Baba. Idonsa bai yi ƙarya ba, abin da ya hango ɗin shi ne abin da ake zuwa Ili dominsa, kuma aikin kafinta ne.

Ki ba shi labarin tun kafin ku isa. An fara wannan ginin a 1083, bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila, a wurin da wata gimbiya mai suna Etheldreda ta kafa gidan zuhudu tun 673. A tsakiyarsa da can akwai hasumiyar dutse mai kusurwa huɗu. Wani dare a Fabrairun 1322 sai ta rufto gaba ɗaya, ta bar wagegen rami a tsakiyar cocin. Ɗan zuhudun da ke kula da gine-gine, Alan na Walsingham, bai mayar da ita yadda take ba. Ya faɗaɗa wurin ya mai da shi kusurwa takwas, faɗin ya haura mita 20. To a nan matsalar take: ƙasar yankin ba za ta ɗauki nauyin rufin dutse mai wannan faɗi ba. Sai aka kira William Hurley, kafintan sarki, ya ɗora musu rufin katako, a samansa kuma ya kafa wata ƙaramar hasumiya mai tagogi da suke kira fitila, saboda ta nan haske ke zubowa. Ginshiƙanta takwas gungumen itacen oak ne, kowanne ya kusa mita 19, an lulluɓe bayansu da darma. Idan ka tsaya a ƙasa ka ɗaga kai sai ka rantse dutse ne, kuma ba ka ganin abin da ya riƙe shi. Shekara kusan 700 ke nan yana wurin.

Ana hawa sama a ga katakan da ido, amma matakala 170 ce, matsattsiya mai murɗewa, sai da ɗan rakiya kuma da kuɗinta daban. Kada ki bari Baba ya gwada, ko da ya nace. Akwai kujeru a ƙarƙashin hasumiyar, ya zauna ya kalla iya son ransa. In ke kina da ƙarfi ki hau ki ɗauko masa hotunan mahaɗar katakan, su zai fi so. Masu yi wa baƙi bayani a ciki suna jin daɗin tambaya, ki faɗa musu sana'arsa.

Batun tudu: daga Kambirij jirgi bai cika wuce minti 20 ba. Tashar tana ƙasa, cocin yana sama, tafiyar kamar minti 15 ce ga mai lafiya. Ku ɗauki tasi daga bakin tasha zuwa ƙofar cocin, in kun gama sai ku gangaro kogi da ƙafa, daga can tasha ba nisa.

Mai Rakiya ta amsa:

Sannu 'yar uwa. Ni Kirista ce, kuma na sha kai maƙwabtana Musulmi wurin, don haka bari in kwantar miki da hankali. Ban taɓa ganin an tsayar da kowa saboda hula ko mayafi ba. Yawancin waɗanda za ku tarar a ciki da rana baƙi ne masu kallo irinku. Ana biyan kuɗin shiga, a fam, da kati ko a intanet. Ki duba shafinsu da safe kafin ku fito, saboda wani lokaci sukan rufe wani ɓangare don sujada ko wani taro, ranar Lahadi kuma lokacin baƙi gajere ne. Da yamma akwai sujadar waƙa. In Baba ba ya son ta same ku a ciki, ku fita kafin ƙarfe biyar.

Abu ɗaya zan ƙara a kan na Yaya Tsohon Ɗalibi. Ku shiga ɗakin da aka gina da sunan Maryamu, a gefen arewa, wanda aka gama a 1349. Fili ne fayau, haske ko'ina. Ki matsa kusa da bango ki duba ƙananan siffofin da aka sassaƙa: kusan duka ba kawuna. An bi su ɗaya bayan ɗaya an fasa a zamanin sauyin addini, bayan Sarki Henry na Takwas ya rushe gidajen zuhudu, na Ili a 1539. Duk zuwana sai na tsaya a nan raina ya sosu, don ina tuna hannun da ya yi shekaru yana sassaƙa su.

Maman Tagwaye ta amsa:

Ni kam a nan zan ɗan saɓa wa Yaya. Gangara ta fi hawa cin gwiwa, duk mai jinyar tsoho ya san haka. Titin Fore Hill da ke saukowa daga kasuwa zuwa kogi yana da gangara sosai. In dai da ƙafa za ku sauko, ku bi ta filin Cherry Hill, ta tsohuwar ƙofar nan da ake kira Porta. Hanyar ta fi sauƙi, akwai benci, kuma daga nan ne cocin ya fi kyan kallo, gaba ɗayansa a gabanki. In ya gaji ki sake kiran tasi, ba abin kunya ba ne.

Kuma don Allah kada ku ƙarar da yinin a cikin gini. Kogin, wanda za ki ga an rubuta Great Ouse, shi ne asalin garin. Da can Ili tsibiri ne a tsakiyar fadama, sai da kwalekwale ake isa. Shi ya sa har yau suke ce wa cocin jirgin ruwan fadama. Sunan garin ma daga wani kifi ya samo asali, dogo mai santsi kamar maciji, ya ɗan yi kama da gaiwa. Yawansa ya kai har da shi ake biyan haya da bashi, kuma dutsen da aka gina cocin, wanda aka jawo ta ruwa daga Barnack, da dubban wannan kifi a shekara aka riƙa biyan kuɗinsa. Sai a ƙarni na 17 wani injiniya ɗan Holan, Cornelius Vermuyden, ya jagoranci haƙa manyan magudanai, aka janye ruwan, fadama ta koma gonaki masu baƙar ƙasa. Tabarmar da Baba ya gani ta taga ke nan.

A bakin ruwan akwai lambun Jubilee, da siffar kifin nan ta ƙarfe a ciki, yarana ba sa wuce ta. Akwai wani tsohon ginin bulo da ake kira Maltings, da dogayen jiragen ruwa sirara da mutane ke kwana a ciki, an ɗaure su jere, da agwagi da dinya da ba sa tsoron mutum. Da sassafe 'yan tseren kwalekwale na jami'ar Kambirij a nan suke atisaye, har an yi gasarsu da Oksfod a wannan kogi a 1944 da 2021. Amma wurin da nake ganin zai riƙe Baba shi ne babban shagon tsofaffin kaya da ke titin Waterside, hawa-hawa, cike da kujeru da akwatuna da kayan aikin hannu na da.

Abinci ki yi guzuri, ku ci a lambun. In za ki sayi soyayyen kifi ki tambayi da wane mai suka soya, ko kuma sun sa giya a ƙullun. Alhamis da Asabar kasuwa ke ci. Sallah kuwa, mu a gefen lambun muke shimfiɗa darduma, ba wanda ya taɓa ce mana uffan.

Tsohon Ɗalibi ya ƙara da cewa:

Maman Tagwaye ta fi ni gaskiya a batun gangara. Gidan da Oliver Cromwell, wanda daga baya ya mulki Ingila bayan an kifar da sarki, ya zauna daga 1636 yana kusa da cocin, ginin katako da farar ƙasa, ko daga waje kuka tsaya Baba zai karanta yadda aka harhaɗa shi.

'Yar Kafinta ta dawo:

Allah Ya saka muku da alheri, jiya Alhamis muka je. Tasi muka hau, muka sauko ta Cherry Hill a hankali, ya huta sau biyu.

A ƙarƙashin hasumiyar ya zauna fiye da minti arba'in. Da farko bai yarda katako ba ne. Wani dattijo cikin masu bayani ya zo, na gaya masa Baba kafinta ne, sai ya zauna kusa da shi. Ni ce tafinta, amma ba a jima ba suka daina buƙatata. Baba ya haɗa yatsunsa yana nuna yadda katakan suka tokare juna, dattijon yana gyaɗa kai yana gyara masa kusurwa da nasa hannun. Na hau matakalar na ɗauko hotuna, har yanzu yana ta buɗa su a wayata yana duba inda aka buga turaku.

Anti Mai Rakiya, mun shiga ɗakin Maryamu. Baba ya daɗe a gaban bangon bai ce komai ba.

A shagon Waterside ya tsinto wani tsohon abin goge katako, jikinsa duk na itace, ya juya shi ya duba bakin ƙarfen, ya ce har yanzu zai yi aiki in an wasa. Na saya masa. Mun ci guzurinmu a bakin ruwa, muka yi la'asar a lambun, muka kamo jirgin ƙarfe shida.

Yanzu ya ce kafin ya tafi yana son ya yi Juma'a a masallacin Kambirij na titin Mill Road, don ya ji an ce ginshiƙansa na katako ne masu rassa kamar bishiya. Wa ya san ƙarfe nawa ya kamata mu isa don ya sami kujera kusa da ƙofa?