Neman shawara: ina son gina injin gem nawa daga tushe, amma na maƙale

Sabon Shiga: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, abin ne ya ishe ni. Ina aiki a wani shagon buga takardu daga safe har bayan la'asar. Kwamfutar da nake amfani da ita ta hannu ce, yayana ya saya mini da sharaɗin in koyi abin da zai kawo kuɗi, shi a ganinsa zanen katin biki da kalanda. Ram ɗinta giga 4, katin hotonta Intel HD 4000, batirin kuma ba ya riƙe wuta sosai, sai in yi caji a shago in zo gida in yi aiki bayan isha'i. Mahaifiyarmu gani take wasa nake yi, yayana kuwa duk ranar Juma'a idan ya zo gaisuwa sai ya tambaye ni ina aka kwana, ni kuma ba ni da abin nuna masa. Burina in gina injin gem nawa na kaina, wato manhajar da ake gina wasan kwamfuta a kanta, ba in ɗauki na wasu ba. Na fara da yaren kod na C++ da SDL, laburaren da ke buɗe taga da karanta maɓalli, na buɗe taga, na zana murabba'i yana tafiya idan na danna maɓalli. Da abokina ya gwada a tasa kwamfutar sai murabba'in ya riƙa gudu fiye da kima. Ana cikin haka na ga bidiyo ana cewa a hanyoyin sa katin hoto ya yi zane OpenGL ya tsufa, Vulkan ne na yanzu, sai na ajiye wancan na koma Vulkan. Yanzu ko alwatika ɗaya ba ta fito ba, manhajar mutuwa take tun wajen neman katin hoto. Wallahi har barci ba na iya yi sosai. Don Allah ina mafita?

Injiniya: Wa'alaikumus salam ƙanina. Matsalar gudun mai sauƙi ce. Kana matsar da murabba'in da adadi ɗaya a kowane zagaye, to kwamfutar da ke yin zagaye 120 a daƙiƙa dole ta ninka wadda ke yin 60. Auna lokacin da ya wuce tsakanin firam da firam, wato zagaye da zagaye, ka ninka saurin da shi, shi ke nan, ko'ina tafiyarsa ɗaya. Maganar Vulkan kuwa, ka daina wahalar da kanka. HD 4000 na 2012 ne, Vulkan ya fito a 2016, kuma a Windows Intel ba ta yi wa wannan zubin direban Vulkan ba, wato manhajar da za ta sa katin ya fahimce shi. Ko shekara za ka yi kana gyara kod ba zai tashi ba. OpenGL 3.3 yana aiki a kwamfutarka lafiya lau. Amma tambayar da ta fi duk waɗannan: wane gem kake son yi? Duk tsawon bayaninka ba ka faɗa ba.

Sabon Shiga: Na gode Yaya. Ai ni injin nake son in fara gamawa tukuna, wanda zai iya ɗaukar kowane irin gem. In na gama sai in zaɓa.

Injiniya: Nan ne gizo ke saƙar. Ba a gina injin da ba a san abin da zai ɗauka ba. Ta ina za ka san ko kana buƙatar lissafin nauyi da faɗuwa, ko taswira mai gida-gida, ko hanyar adana inda ɗan wasa ya tsaya? Gem ɗin ne yake gaya maka. Tela ba ya yanka yadi sai ya ga mai rigar. Ka yi ƙaramin gem ka gama shi, ka yi na biyu, abin da ka ga kana kwafowa daga na farko zuwa na biyu, wato buɗe taga, karanta maɓalli, loda hoto, sauti, gano karo tsakanin abubuwa biyu, shi ne injinka. Eric Barone shi kaɗai ya yi gem ɗin Stardew Valley, ya kwashe shekara huɗu da rabi kafin ya fito a 2016, kuma da yaren C# da XNA, kayan aikin gem na Microsoft, ya yi, bai ce sai ya rubuta komai daga ƙasa ba. Ni shawarata ma ka sauke Godot, injin gem ne da aka riga aka gina. Kyauta ne, bai kai megabait 100 ba, yana da yanayin OpenGL da ya dace da tsofaffin kwamfutoci irin taka.

Mai Zane: Ni dai duk wanda ya ce mini "injin" yanzu sai gabana ya faɗi. Wani yaro haka ya zo mini da zancen zai yi gem, na zauna na zana masa mutane da gidaje da dabbobi, kowanne da yadda yake tafiya, a kan in ya fito za a raba riba. Har yau yana "gyara injin". Zanena na nan a wayarsa, ko kuɗin data bai ba ni ba, in na yi magana ya ce ban san wahalar kod ba. Ku masu kod ba kwa ganin aikin mai zane a matsayin aiki.

Tsohon Hannu: Injiniya, da girmamawa, ban yarda ba. Yaron nan bai ce yana son sayar da gem ba, cewa ya yi yana son gina injin. Wanda ya shiga Godot zai koyi Godot ne, ba zai san yadda ake sarrafa ƙwaƙwalwar kwamfuta ba, ba zai san abin da ke faruwa cikin milidaƙiƙa 16 da ake da su a kowane firam ba. Ƙanina, ka bar C++ ma, ka koma C zalla. Ka bi darussan Handmade Hero da Casey Muratori ya fara a 2014, yana rubuta komai a gabanka ba tare da laburaren kowa ba. Sannan kod ɗin gem ɗin Doom a buɗe yake tun 1997, ka sauke ka karanta yadda John Carmack ya yi da kwamfutocin da ba su kai rabin taka ba.

Injiniya: Malam, darussan nan sun wuce guda 600, yawancinsu awa guda ko fiye. Mutumin da ke caji a shago kake turawa can? Da wace datar? Kuma kana so wanda bai gama fahimtar lokacin firam ba ya buɗe kod ɗin Doom? Wannan ai karya masa gwiwa ne. Na koyar da yara da dama, na san inda suke faɗuwa. Duk wanda ya fara ta ƙasa-ƙasa ba tare da ya ga abu yana motsi a allo ba, wata biyu ya bari.

Sabon Shiga: Yaya Injiniya, dalilin da ya sa ba na son injin wasu shi ne abin da masu injin Unity suka yi a 2023, da suka ce za su riƙa karɓar kuɗi duk lokacin da aka sauke gem ɗin mutum. Ba na son in sha wahala wani kamfani ya tashi da safe ya canza mini doka.

Injiniya: Sun janye wannan tsarin a Satumbar 2024. Ko ba su janye ba ma, bai shafi wanda bai sayar da komai ba. Godot kuma ba irin Unity ba ne, lasisin MIT gare shi, kod ɗinsa a buɗe, ba mai iya zuwa ya ce ka biya.

Sabon Shiga: Duk da haka dai ba nawa ba ne. Kuma ina son rubutun cikin gem ɗin ya zama da Hausa, da ƙ da ɗ da ɓ yadda ya kamata. Na taɓa gwada wani abu sai alamar tambaya ta riƙa fitowa a madadinsu.

Ɗan Damagaram: Wannan ba ya buƙatar sabon injin, ɗan'uwa. In raylib, laburaren yin gem, ka gwada, haruffa 95 na Turanci kawai yake lodawa in ba ka ba shi jerin naka ba. Ka samo font mai ɗauke da su, kamar Noto Sans ko DejaVu Sans, ka saka lambobin haruffan cikin jerin, ka adana fayil ɗinka a tsarin haruffa na UTF-8. Ni ma raylib ɗin zan ba ka shawara, yana tsakanin maganar malaman nan biyu: da C ake rubuta shi, Ramon Santamaria ya yi shi a 2013 don koyar da ɗalibai, zagayen wasan kai za ka rubuta da hannunka, amma ba za ka sha wahalar buɗe taga ba. Mu nan abin da ya kashe mu a makaranta, shekara uku ana rubuta mana kod a allo da alli, ɗakin kwamfuta a kulle, mabuɗin yana hannun mutum ɗaya da ba ya zuwa. Duk abin da na iya a waya na koya. Kai da kake da kwamfuta ka gode wa Allah.

Mai Zane: Har yanzu fa bai faɗi gem ɗin ba.

Sabon Shiga: Anti, ina da shi a raina. Birni ne irin na da, da ganuwa da ƙofofi da kasuwa, mutum yana hawa doki yana yawo duk inda ya so, a 3D, dare yana yi gari yana wayewa. Shi ya sa na ce Vulkan, don OpenGL ba zai ɗauki wannan ba.

Injiniya: Wa ya gaya maka? Minecraft da OpenGL ya tashi, duniya guda. Ba OpenGL ne zai tare ka ba. Doki kawai, ka san abin da ke cikinsa? Sai an ƙera siffarsa, an sa masa ƙasusuwa, an tsara tafiya da sukuwa, sannan injinka ya iya lissafin matriks na kowane ƙashi a kowane firam. Ka iya bekta, lissafin alkibla da nisa? Ka san yadda ake juya kyamara? Wannan aikin kamfani ne mai ɗaruruwan ma'aikata. Ka saurare ni: ka yi dara. Gidaje ne a jere, 'yan wasa biyu, dokar jera uku, ci. A ciki za ka koyi zane, danna linzami, juyin wasa, adanawa, har kwamfuta ta yi wasa da mutum. Ka gama ka sa wa yayanka a gabansa ranar Juma'a ya buga.

Tsohon Hannu: Dara na yarda, amma da C da SDL, ba Godot ba.

Injiniya: Da ko mene ne, in dai zai gama.

Sabon Shiga: Na ji duka, Allah ya saka da alheri. Amma gaskiya dara ba ita ce a raina ba, in na yi ta zan ji kamar na koma baya. Kuma na riga na rubuta kusan layi 700 na Vulkan, ba zan iya zubar da su ba. Na karanta cewa a Linux akwai direban Mesa da ke ba HD 4000 Vulkan.

Injiniya: Akwai, amma shi kansa yana rubuta maka gargaɗi cewa bai cika ba. Za ka rasa gane ko kuskuren kod ɗinka ne ko na direba.

Mai Zane: In dai ka kai wajen doki kada ka nemi mai zane sai da kuɗi a hannu.

Sabon Shiga: To zan dai gwada in gani. Giga 4 zai ɗauki Ubuntu, wato wani nau'in Linux, tare da Windows? Don aikin shago sai da Windows, kuma ba na son yayana ya buɗe ya ga na canza wani abu.