Harba kumbo da asuba: me ya sa hayaƙin yake haske alhali ƙasa duhu ne?

Tauraruwa:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah tambaya gare ni ga waɗanda suka san harkar sararin samaniya. Jiya da daddare barci ya ƙi zuwa sai na faɗa kallon tsofaffin bidiyoyin harba kumbo a YouTube, har na ci karo da na kumbon Discovery da aka harba ranar 5 ga Afrilu 2010 daga Florida ta Amurka, wlh na maimaita shi ya fi sau biyar. Abin da ya tsaya min a rai shi ne ƙasa duhu ne, mutanen da suke kallo ma inuwarsu kawai ake gani, amma can sama hayaƙin da kumbon ya bari sai ƙyalli yake, wani wurin fari fat wani wurin shuɗi-shuɗi, daga baya har da ja da ruwan goro. To daga ina hasken yake zuwa tunda rana ba ta fito ba? Sannan su NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, da gangan suke zaɓar asuba don abin ya yi kyau a kyamara ko kuwa akwai wani dalili? Kuma in Allah ya kai mutum can yanzu zai iya ganin irinsa? Idan akwai wanda ya taɓa gani ido da ido don Allah ya ba mu labari, bidiyo kam bai ƙosar da ni ba.

MaiTafiya:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin ko taɓo min inda yake min ƙaiƙayi, don wannan harbin da kike magana a kai ina wurin, lokacin ina karatu a can.

Tun wajen ƙarfe biyun dare muka isa Titusville, wani gari ne a bakin kogin Indian River, in ka tsaya a gaɓar kana fuskantar gabas dandalin harbawa na Kennedy yana tsallaken ruwa, nisan kusan kilomita 19. Ko da muka je har gaɓar ta cika, mutane da kujerun naɗewa da barguna, wasu yaransu suna barci a bayan mota, sauro kuma ba a cewa komai. Can nesa ga kumbon nan an haske shi da manyan fitilu, ɗan ƙarami kamar ka sa yatsa ka rufe shi, hasken fitilun ya miƙe sama kamar sanduna. Wani dattijo kusa da mu ya kunna rediyo ya ƙure murya, kowa da ita yake bin ƙirgen lokacin.

Mun idar da sallar asuba a gefen mota ke nan sai muka ga mutane suna nuna sama. Ashe tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa ce, wadda kumbon zai je, ta zo wucewa, kamar wata babbar tauraruwa mai tafiya, ba ƙyaftawa ba ƙara, ga wata kusan rabi a sama. Wajen minti 15 ya rage a lokacin. Jikina ya yi wani irin sanyi, wai ga inda za su can yana wucewa ta kanmu, su kuma mutum bakwai suna ɗaure a kujera suna jiran su bi bayansa.

Ƙarfe 6:21 daidai. Abin da ba zan taɓa mantawa ba shi ne shirun. Na zaci ƙara ce za ta fara zuwa, ina! Haske ne ya fara, gabas gaba ɗaya ta koma ruwan goro kamar rana ta faso a lokaci guda, kogin ya zama kamar an narka zinariya an zuba, har fuskar na kusa da ni nake gani sarai da hawaye a idonsa. Wutar ba ta kalluwa sosai, sai ka ɗan runtse ido, kyamara ba ta iya ɗaukar wannan ƙarfin shi ya sa a bidiyo kike ganin kamar fitila ce kawai. Kumbon yana ta hawa a hankali cikin shiru, babu abin da kake ji sai ihun mutane, sai da aka yi kusan minti ɗaya sannan ƙarar ta iso mu, don sauti daƙiƙa uku yake ɗauka kafin ya ci kilomita ɗaya. Ta kan ruwa ta taho, da farko gurnani ƙasa-ƙasa, sai ta rikiɗe ta koma ƙara mai tsattsagewa kamar ana yayyaga wani ƙaton yadi a sama, a ƙirji nake jin ta ba a kunne kawai ba.

Bayan kamar minti biyu muka ga rokokin nan biyu na gefe da ke taimaka masa tashi sun rabu da shi, jajayen ɗigo biyu suna gangarowa, shi kuma ya koma farar tauraruwa ya nufi arewa maso gabas. To a nan ne abin da kike tambaya ya faru. Kawai sai wani farin haske ya buɗe a kewayensa kamar an buɗe lema, yana faɗi yana ƙara faɗi, gefensa shuɗi. Gaɓar nan duk ta yi tsit. Da yawa sun tattara sun kama hanya don gudun cunkoso da kumbon ya ɓace, mu kam muka zauna, kuma wlh ba mu yi asara ba, don hayaƙin da ya bari iskar sama ta murɗe shi ta lanƙwasa shi, yana ta sauya launi daga sama zuwa ƙasa har rana ta fito. Bayanin dalilin dai na bar wa masana.

Injiniya_B:

Yaya MaiTafiya Allah ya saka, ka sa na ji kamar ina gaɓar.

Malama Tauraruwa, batun hasken ba wuya. Ke da kike ƙasa rana ba ta fito miki ba saboda duniya a dunƙule take, doronta ya kare ki. Amma wanda ya yi sama sosai ya riga ki ganin rana, kamar yadda kan dogon dutse yake riga gindinsa samun hantsi. Discovery ya tashi saura kamar minti 50 rana ta fito, cikin 'yan mintuna ya haura kilomita 100 kuma gabas-gabas yake tafiya wajen ranar, sai ya fice daga inuwar duniya. Manyan injinansa uku haidurojin da oksijin suke ƙonawa, abin da ke fita daga cikinsu tururin ruwa ne, a can sama kuwa iska ba ta da kauri balle ta matse shi, sai ya bazu ya yi faɗi ya daskare ya zama ƙananan ƙwayoyin ƙanƙara, rana ta haske su, bayansu kuma sama baƙa ce har yanzu. Lemar da yaya ya gani ke nan. Ja da ruwan goro kuma na hayaƙin rokokin gefe ne da yake ƙasa-ƙasa, hasken da ke kai masa ya ratso iska mai yawa shuɗin ya zube a hanya, irin dai jan da ake gani a gajimare kafin fitowar rana.

Maganar zaɓar lokaci kuwa, sam ba don kyau ba ne. Tashar tana zagaya duniya duk bayan kamar minti 90, a kan hanya guda da ta karkata digiri 51.6 daga layin tsakiyar duniya, ita kuma duniya tana juyawa a ƙarƙashin hanyar. Dole a jira juyawar ta kawo Florida daidai ƙarƙashin hanyar nan sannan a harba, don kumbon ba shi da man da zai yi wata babbar kwana a sama. Damar duka-duka ba ta wuce kamar minti 10 ba a rana, kuma kullum tana matsowa baya da minti 20 da wani abu. Shi ya sa kumbon Endeavour da aka harba ranar 8 ga Fabrairu na shekarar ya tashi ƙarfe 4:14 cikin duhu, Atlantis na ƙarshe kuma da hantsi ya tashi. Na 5 ga Afrilu dacewa aka yi lissafi ya faɗo a asuba. Kuma kin ga dalilin da ya sa tashar ta wuce ta kansu dab da harbin, ai hanyarta ce suke ƙarƙashinta.

Ƙarin bayani ɗaya, farin gajimaren da ke tashi a ƙasa lokacin da aka kunna injin yawancinsa tururi ne. Ruwa sama da lita miliyan ɗaya ake kwararawa a dandalin cikin ƙasa da minti ɗaya don ya shanye ƙarar, in ba haka ba amsa-kuwwarta za ta dawo ta lalata jikin kumbon. Daga nan minti 8 da rabi kacal sun kai gudun kusan kilomita 28,000 a awa, a kashe inji.

Dattijo:

Madalla da ku yarana. Ni ban taɓa zuwa ba, a talabijin da rediyo na bi abin tun daga Columbia na farko ranar 12 ga Afrilu 1981, wanda John Young da Robert Crippen suka hau su biyu rak. Amma ni duk sanda na ga rokokin nan biyu sun rabu lafiya sai na sauke ajiyar zuciya, saboda abin da ya samu kumbon Challenger. Ranar 28 ga Janairu 1986 an kwana ana tsananin sanyi a Florida har ƙanƙara ta kama dandalin, zoben robar da ke toshe mahaɗar rokar gefe ya sandare bai kama ba, wuta ta samu hanya, daƙiƙa 73 da tashi kumbon ya tarwatse da mutum bakwai. Cikinsu har da malamar makaranta Christa McAuliffe, ɗalibai suna kallo a ajujuwa, iyayenta suna wurin suna kallon sama. Sai Satumba 1988 aka sake harba wani. Columbia ma a wajen tashi ya samu raunin da ya yi ajalinsu, wani ɓallin soson da ke lulluɓe da babban tankin man ne ya bugi fiffikensa na hagu, ranar 1 ga Fabrairu 2003 wajen dawowa ya wargaje a saman Texas, nan ma mutum bakwai. Saboda haka mutumin da MaiTafiya ya gani da hawaye na fahimce shi ƙwarai.

Wani abin da yaran yanzu ba su sani ba, filin jirgin Banjul na Gambiya yana cikin wuraren da aka taɓa tanada don saukar gaggawa in inji ya mutu suna saman Atilantika, da Ben Guerir a Maroko, da Zaragoza da Moron a Sifaniya. Har shirin ya ƙare ba a taɓa buƙatar yin irin wannan saukar ba.

Tauraruwa:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Baba Dattijo jikina ya yi sanyi da labarin malamar nan, ban taɓa sanin iyayenta suna wurin ba. Yaya MaiTafiya yanzu na koma na sake kallon bidiyon na lura da shirun da ka faɗa, da can na ɗauka matsalar sautin waya ce. Saura tambayata ta ƙarshe, yanzu fa?

MaiTafiya:

Irin wannan kumbon mai fiffike kam an gama da shi ƙanwata. Atlantis ne ya rufe, ya tashi 8 ga Yuli 2011 ya sauka 21 ga wata, shi ma da asuba ya dira, tafiya ta 135 ke nan a shekara 30. Yanzu yana ajiye a wurin baƙi na cibiyar Kennedy, an karkata shi an buɗe ƙofofin bayansa, na koma na gan shi, in kin matsa kusa har tabon ƙuna za ki gani a jikinsa, ba su goge ba.

Amma hasken asubar yana nan. Rokar Falcon 9 ta kamfanin SpaceX tana tashi daga wannan gaɓar kusan kowane mako, har ma ta fara ɗaukar 'yan sama jannati ranar 30 ga Mayu 2020 daga dandali na 39A, wanda Discovery ya tashi a kai a bidiyonki. Ƙararta ba ta kai ta wancan ba gaskiya, amma lemar tana buɗewa tsaf. Ki duba jadawali ki nemi wadda lokacinta ya faɗo tsakanin minti 30 zuwa awa ɗaya kafin fitowar rana, ko kuma bayan faɗuwarta da kamar haka. Ki ba kanki kwana biyu ko uku a garin don ana yawan ɗagewa saboda hadari ko iska, wani lokacin saura 'yan daƙiƙu a ce an fasa. Ki tafi da maganin sauro da rigar sanyi, ki samu wuri a bakin ruwa tun dare. In wutar ta kama ki ajiye waya ki kalla da idonki, kuma kar ki tashi sai rana ta fito.