Dan Allah ku ban shawara: in biya kuɗin gem ɗin nan tun bai fito ba, ko in jira rangwame?

Sabon Hannu:
Assalamu alaikum 'yan gida, shawara nake nema wajen manya. Akwai wani gem da nake jira kusan shekara biyu kenan, saura sati uku ya fito, kuɗinsa kuma tuni na tara na ajiye gefe ban taɓa ko sisi ba. To yanzu sun buɗe biyan kafin alƙalami, wai in ka biya tun yanzu za a ƙara maka wata riga da bindiga ɗaya a cikin wasan, in kuma babban kunshin ka saya zaka fara bugawa kwana uku kafin kowa. Duk shafin labaran gem da na leƙa yabonsa kawai ake, waɗanda aka gayyata suka taɓa shi na awa biyu sai zuzuta shi suke kamar ba a taɓa yin gem ba a duniya.

Abinda yasa nake ɗari-ɗari, bara na taɓa yin irin haka da wani gem, bazan kama suna ba. Na biya cikakken kuɗi na kwana ina saukewa, da safe na shiga da zumuɗina, ina tuƙi kawai motata ta nutse cikin ƙasa, mutumin da zan karɓi aiki a wajensa kuma ya tsaya ƙiƙam hannuwa a buɗe kamar an shanya riga a igiya ya ƙi magana, na kashe na kunna yafi sau biyar. Bayan wata biyu na ganshi a rabin kuɗi, wlh ranar ko pad ɗin ban iya ɗauka ba don haushi. Shine nace in tambaya, in biya yanzu ko in haƙura? Sannan wai 'yan jaridar gem ɗin nan biyansu ake ne su yabi abu? PS5 nake amfani da ita, akwai kuma 'yar laftof da ke ɗaukar ƙananan gem.

Tsohon Ɗan Gem:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kar ka biya. Cinikin biri a sama kenan, kuma abu ne da baya ƙarewa a shago, da a ce faifai ne da aka buga ƙwaya kaɗan sai ince yi sauri kar a rigaka, amma wanda ake saukewa ta intanet ko mutum miliyan nawa suka saya naka yana nan yana jiranka.

Abinda kake karantawa yanzu ba sharhi bane, ɗanɗano ne. Kamfani ne ya kira su, shi ya zaɓi wajen da zasu buga, a na'urar da shi ya shirya, yanki mafi kyau a duk wasan ya miƙa musu. Ko kai aka kaika haka ai yabo zaka fito kana yi. Sharhi na gaskiya sai an basu cikakken gem sun buga, shima akwai takunkumi, kamfani ke sa rana da lokacin da aka yarda su fitar da shi. Ni abinda nake kallo kenan tun kafin in kalli maki, in aka ɗage takunkumin sati guda ko kwana biyar kafin fitowa to masu gem ɗin sun yarda da kayansu, in kuma aka ce sai ranar fitowa ko ma ba a rabawa kowa ba, to akwai lauje cikin naɗi.

Ka tuna Cyberpunk 2077, ya fito 10 ga Disamba 2020, mutum miliyan 8 suka biya tun kafin ya fito. 'Yan jarida na kwamfuta kawai aka basu, ba wanda ya ga na PS4 ko Xbox One kafin ranar, kuma ko bidiyon da suka ɗauka da kansu ba a yarda su saka a sharhin farko ba sai wanda kamfanin ya basu. Maki ya fito da kyau kowa na murna, masu PS4 suka kunna suka ga abinda ba shi aka tallata musu ba, har Sony ta cire shi daga shagonta bayan kamar sati guda, bai dawo ba sai Yuni 2021. Yanzu fa gem ne mai kyau sosai, bayan faci, wato gyaran da kamfani ke turowa, da sukai ta yi har zuwa 2023, amma wanda ya more shine wanda ya saya daga baya da araha, waɗanda suka biya da wuri su suka zama 'yan gwaji da kuɗinsu.

Ɗan PC:
Baba ya gama magana, ni dai ƙari zanyi akan mayar da kuɗi tunda kace PS5 gareka. A Steam, shagon gem na kwamfuta, in ka sayi gem kana da kwana 14 matuƙar baka buga ya kai awa 2 ba, zaka iya cewa a maido maka kuɗinka ko dalilinka kawai bai maka daɗi bane. A PlayStation ma akwai kwana 14 ɗin amma da zarar ka fara sauke shi shikenan magana ta ƙare sai dai in gem ɗin ne a lalace, kuma wanda aka biya tun kafin fitowa injin yakan fara sauke shi da kansa ana saura kwana ɗaya ko biyu in baka kashe wannan saitin ba. Kaga kai haɗarinka yafi namu.

Wannan kwana ukun da suke cewa kuwa, ni dariya yake bani, ƙarin kuɗi zaka bayar don ka buga a lokacin da gem ɗin yafi kowane lokaci matsala, tun facin ranar farko bai gama zama ba hhh

Sarkin Ƙwallo:
Ni fa ban yarda da wannan jira jiran naku ɗari bisa ɗari ba gsky. Ya danganta da irin gem ɗin. In na onlayin ne da ake bugawa da abokai, daɗinsa a watan farko yake lokacin kowa sabo ne, ka jira wata shida ka shigo ka tarar kowa ya ƙware ana ta yi maka kisan mummuƙe, abokanka kuma sun koma wani. Kamar FC ne, gem ɗin ƙwallon ƙafa, duk ƙarshen Satumba sabo ke fitowa, in kace sai ya faɗi ƙasa warwas zaka saya to kaka ta kusa ƙarewa wani na hanya. In kuma mai labari ne, ka shiga YouTube ko TikTok kawai wani marar imani ya saka maka ƙarshen labarin a hoton bidiyo. Oga wane iri ne naka?

Sabon Hannu:
Mai labari ne yaya, mutum ɗaya ke bugawa, ba ruwansa da onlayin.

Sarkin Ƙwallo:
Au to ai shikenan, na janye rabin maganata. Amma ko FC ɗin ma ni Black Friday, babban rangwamen da ake yi a Nuwamba, nake jira, wata biyu kacal da fitowa ake zaftare masa kuɗi, kar a ce ban faɗi gaskiya ba.

Anti Mai Switch:
Kai ku masu PlayStation da kwamfuta ku gode Allah, mu 'yan Nintendo wane rangwame, gem ya shekara biyar kuɗinsa na nan inda yake ko an rage ɗan kaɗan ne, Mario Kart World ma da ya fito tare da Switch 2 a 2025 dala 80 suka sa masa bayan dama an ɗaga manyan gem daga 60 zuwa 70 tun zuwan PS5.

Amma tambayarka ta biyu nake so in amsa ƙanena, don naga kowa ya tsallake. Ni bana ganin ana kiran ɗan jarida a danƙa masa ambulan a ce bamu maki 9 cikin 10, abin yafi haka siyasa. Shafukan nan da talla suke rayuwa kuma masu gem ɗin su ke bada tallan, su ke rabon gem kafin ya fito, wanda ya fiye caccaka yana iya wayar gari an daina aiko masa. Misalin da kowa ya sani shine Jeff Gerstmann, an sallame shi daga shafin sharhin gem na GameSpot a 2007 bayan ya bawa Kane & Lynch maki 6 cikin 10 a lokacin da tallan gem ɗin ya cika shafin, sai a 2012 ya samu damar fitowa yayi bayanin cewa matsin lambar masu talla na cikin dalilin. To kaga a labarin nan ɗan jaridar shine ya faɗi gaskiya har ta ci aikinsa, shiyasa bana son a haɗa su duka a yi musu kuɗin goro.

Sannan makin kansa an ɗora masa nauyin da yafi ƙarfinsa. Fallout: New Vegas 84 ya samu a Metacritic, shafin da ke haɗa makin 'yan jarida, ashe yarjejeniyar Obsidian, kamfanin da ya ƙera shi, sai ya kai 85 za a basu ƙarin kuɗi, maki ɗaya tak ya hana su, gashi har yau mutane na ƙaunar gem ɗin. Ga kuma gaggawa, a baka wasan awa 80 a ce nan da sati ka gama ka rubuta, ya za ai ka ji shi kamar wanda ke bugawa awa ɗaya bayan ya taso aiki? Ni abinda nake yi, na ware mutum biyu uku da na lura ɗanɗanonmu ɗaya, ina karanta abinda suka rubuta ne ba lambar ƙasa ba, akwai ma wani da in ya kushe abu nasan ni zai min daɗi, shima amfani ne ai.

Ɗan PC:
Anti ta faɗi gaskiya. Ƙari akan haka in ya fito ka nemi bidiyon Digital Foundry, su ba ruwansu da labari yayi daɗi ko bai yi ba, aunawa suke ko yana tafiya sumul a kowace na'ura, kuma ka tabbatar na PS5 kake kallo ba na wata shirgegiyar kwamfuta ba. Ka leƙa sharhin 'yan wasa a Steam ko ba can zaka saya ba, yana nuna awa nawa mutum ya buga, wanda ya buga awa 40 yafi wanda ya buga minti 20 ya fito yana zagi. Sai dai ka kula wani lokacin ba gem ɗin ake hukuntawa ba, kamar Helldivers 2 a Mayu 2024 da aka yi masa ruwan munanan sharhi saboda batun tilasta wa 'yan kwamfuta buɗe akawun ɗin PlayStation (PSN), wasan kansa lafiyarsa ƙalau.

Mai Jiran Rangwame:
An zo wajena. Malam ka saka shi a wishlist, jerin abinda kake son saya a shagon, ka manta da shi, ranar da aka rage saƙo zai shigo maka. Lokutan ma sanannu ne, PlayStation na da Days of Play wajen ƙarshen Mayu zuwa Yuni, ga Black Friday, ga na ƙarshen shekara, Steam kuma manyan nasu ƙarshen Yuni da ƙarshen Disamba. Kafin ka saya ka duba tarihin kuɗinsa a PSPrices, na kwamfuta kuma IsThereAnyDeal ko SteamDB, don wani ragin kashi 30 da ake ta yi masa ganga wata uku baya an taɓa yin kashi 60. Laftof ɗinka kuma ka buɗe mata akawun a shagon gem na Epic, duk Alhamis suna bada gem kyauta in ka ɗauka ya zama naka, GTA V ma sun taɓa bayarwa a Mayu 2020 har shagon ya durƙushe don cunkoso.

Amma tsakani da Allah in faɗa maka aibina kar ka biyo ni, rangwamen ma tarko ne. Jiya na zauna na ƙirga, gem ɗin da na saya don kawai naga jan rubutu na kashi 75 ban taɓa ko saukewa ba sunfi waɗanda na gama yawa nesa ba kusa ba, akwai wanda na kusa sake saya shagon ne ya tuna min ai kana da shi. In na haɗa kuɗinsu ya sayi sabbi fil guda nawa.

Tsohon Ɗan Gem:
Hhh Allah ya shirye ka. Abu ɗaya na manta ƙanena, in jiran ya dame ka kar kwaɗayi ya kaika shafukan nan masu sayar da lambar saukar da gem ko akawun da arahar banza. Na taɓa sayen akawun a wani waje, sati biyu ina bugawa lafiya na kai tsakiyar labari, rannan na kunna naga ɗan kwaɗo a jikin hoton gem ɗin, mai shi ya canza fasuwod, wanda ya sayar min kuma ya ɓace ɓat. In kana son ka rage asara ta halal sayi faifai in PS5 ɗinka mai cin faifai ce, ka gama ka sayar ko kuyi musanya da wani. Na saukewa lasisi kawai ka saya, masu gem ɗin The Crew sun gani a 2024 da kamfanin Ubisoft ya kashe sabar da yake aiki a kai, ya daina buguwa.

Sarkin Ƙwallo:
Baba kai ma ashe an taɓa yi maka, muna ta ganin girmanka

Tsohon Ɗan Gem:
Yaro a ina kake zaton na samo furfurar

Sabon Hannu:
Nagode sosai manya, Allah ya bar zumunci. Na rufe shafin biyan, na saka shi a wishlist. Na duba kuma har yanzu basu faɗi ranar ɗage takunkumin ba, zan zuba ido. In sharhi ya fito da wuri kuma naga yana tafiya lafiya a PS5 gsky bana jin zan iya kaiwa Black Friday, faifan zan saya a satin farko, rigar da bindigar su riƙe abinsu. Kafin nan akwai wancan na bara da na watsar, ance sun masa faci har sau huɗu, yanzu haka ofdet ɗin yake sauka gig 38, bari in ga ko mutumin nan ya sauke hannunsa.

Mai Jiran Rangwame:
In ka gama faifan ni zan saya a wajenka rabin kuɗi, ka rubuta sunana tun yanzu.