Jinkirin sabunta Linux: dabara ce ko ganganci?

Baban Khalifa: Ni na daina gaggawar sabunta manhajojin sabata, wato kwamfutar da ke yi wa wasu kwamfutoci hidima. Ku duba abin da ya faru da xz, manhajar matse fayiloli da ake amfani da ita a Linux, a Maris 2024. Wani mai amfani da sunan Jia Tan ya shafe kusan shekara biyu yana taya Lasse Collin, mai kula da xz, aiki har aka yarda da shi, sannan ya cusa ɓarauniyar hanya a sigar 5.6.0 da 5.6.1. Su wa abin ya taɓa? Masu nau'o'in Linux da ke ɗauko sabuwar siga da wuri: Debian sid, Fedora Rawhide, Kali da Tumbleweed. Masu tsohuwar siga ko gezau. Ashe wanda ya yi jinkiri shi ya tsira.

Auta: Wallahi Yaya ka faɗi gaskiya. Kuma ba don wani injiniya, Andres Freund, ya ga shiga saba daga nesa ta ssh tana jan rabin daƙiƙa ba, da yanzu wani labarin ake.

Maman Ilham: Baban Khalifa, ka haɗa abu biyu wuri guda. Sabuwar siga daban, facin tsaro, wato ɗan gyaran da ke toshe ɓaraka, daban. Debian 12 ba ta tsira don masu ita malalata ne ba. Tsarinta ne haka: xz ɗinta na kan 5.4.1, ba a kawo sabon lamba, amma idan aka gano ɓaraka sai a ɗauko gyaran kaɗai a liƙa wa tsohuwar. Lokacin ɓarakar Heartbleed a Afrilun 2014, masu OpenSSL, manhajar ɓoye bayanai, sun fitar da 1.0.1g, Debian 7 kuwa ta zauna kan 1.0.1e da facinta. Wanda ya ƙi karɓar wannan facin da sunan taka-tsantsan, mabuɗan sirrin sabarsa ya bari a fili.

Baban Khalifa: To Hajiya, shi facin ba ya kuskure? A 2006 wani mai kula da OpenSSL a Debian ya cire layukan da Valgrind, manhajar gano kurakurai, ke ƙorafi a kansu, sai mabuɗan da ake ƙirƙira suka zama masu sauƙin hasashe. Sai Mayun 2008 wani ɗan Debian, Luciano Bello, ya gano. Garin gyaran gira aka rasa ido.

Maman Ilham: Ya faru, ban musa ba. Amma wancan ba facin gaggawa ba ne, kuma da me aka toshe shi a 2008? Da wani facin. Wanda ya yi jinkiri a ranar shi ya fi shan wahala.

Injiniya: Bari in sa baki. Ranar da aka fitar da faci, ɓarayi ma suna karanta shi, tunda rubutun manhajar a buɗe yake. Su kwatanta tsohuwa da sabuwa, su ga inda ramin yake. Kamfanin bayanan bashi na Equifax a Amurka: facin Apache Struts, manhajar da shafinsu ke aiki da ita, ya fito a Maris 2017, ba su saka ba, aka shige su a watan Mayu, bayanan mutum kusan miliyan 147 suka fita. Wata biyu kacal.

Auta: To Injiniya, mu masu saba ɗaya tal, ba mu da injin gwaji fa?

Injiniya: Zauna kan Debian stable ko Ubuntu LTS, nau'o'in da ba sa saurin canja siga, ka kunna unattended-upgrades ya riƙa ɗauko na tsaro kawai. Sannan ka sake tayar da sabis ɗin, wato manhajar da ke gudana a sabar, don wanda ke gudana yana riƙe da tsohon laburare, ɓangaren da aka yi wa faci, a ƙwaƙwalwa har sai an kashe an kunna. Mutane da yawa nan suke faɗuwa. Saka needrestart zai gaya maka.

Baban Khalifa: Na karɓi rabi. Na tsaro zan saka da wuri. Amma kernel, zuciyar Linux, sai na ga ya kwana a injin wani tukuna.

Maman Ilham: Kwana nawa?

Baban Khalifa: Uku.

Injiniya: Idan sabar ba ta kallon intanet, ba laifi. Idan tana kallo kuma an ce ana amfani da ɓarakar, uku ta yi yawa, Malam.